Kafin A Ya Da Zango A Dajin Gombe

Duk wanda ya san garin Gombe kafin ranar 1 ga Oktoba, 1996, watau ranar da aka yanke sabuwar jiha daga cikin Jihar Bauci aka mai da garin hedkwatarta, idan ya komo yau da ƙyar zai gane hanyar gidansu. Gonakin da ke bayan Pantami da Tumfure sun zama unguwanni, filayen da yara ke wasan langa an yanka su fuloti-fuloti, titi kuwa tun daga asuba har tsakar dare ba ya rabuwa da ƙugin babura da hayaƙinsu. Ga shi kuma a watannin Maris da Afrilu zafi yakan kai digiri 40, wani lokaci har ya haura. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da ake ƙara ganin samari da ɗalibai da ma'aikatan ofis suna haɗa kuɗi, su ɗauki shatar mota ranar Asabar, su fita bayan gari shan iska, waɗansu ma har su kafa tanti su kwana a can.

Wannan ɗabi'a ce mai kyau, kuma ta cancanci a ƙarfafa ta. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake zaɓen wurin da za a sauka. Galibi wani ne zai ga hoton wani dutse ko bakin ruwa a wayarsa, ya nuna wa abokansa, a ce wurin ya yi kyau, shi ke nan an yanke shawara. Ba a tambayi ko ƙasar wa ce ba, ba a tambayi abin da ke kwance ƙarƙashin duwatsun ba, ba a kuma san nisan asibiti daga wurin ba. Alhali kuwa a ƙasar Gombe, wuraren da suka fi ɗaukar ido su ne suka fi bukatar a yi tambaya kafin a shimfiɗa tabarma. Kyan wuri shi ya kamata ya zo a ƙarshe cikin abubuwan da ake dubawa. Abin da ya kamata ya zo da fari shi ne shawarar mutanen da ke zaune a wurin.

ILMIN MADUGAI

Kwana a daji ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, balle a ce daga Turawa ya koyo shi. Fataken da suka riƙa tafiya Gwanja sayen goro sukan yi watanni a hanya, kuma kusan kowane dare a zango suke kwana. Ayari yana da madugu, yana da jagaba wanda ya san hanya, kuma ba a taɓa sauke kaya don kawai wuri ya yi kyan gani ba. Ana duba ruwan da mutane da jakuna za su sha, a duba tudu inda ruwa ba zai kwanta ba, a duba kusancin gari, sa'an nan madugu ya aika wa sarkin garin da gaisuwa, domin ayarin da sarki ya san da saukarsa ya shiga amanarsa ke nan. Haka kuma Bafillatani ba ya kafa ruga sai ya zaga wurin, ya ga ciyawa da mashaya, ya kuma ji ta bakin arɗo ko jauron yankin. Wannan ilmi ne da aka saya da rayuka da dukiya, kuma zuwan mota da wayar hannu bai soke ko ɗaya daga cikin sharuɗɗansa ba.

Akwai dattawan da ke ganin wannan fita aikin banza ce, irin abin da ƙoshi ke sa yaro. A ganinsu, mutumin da ubansa ya sha wuya ya baro ƙauye ya gina gidan siminti a birni, mene ne nasa na komawa kwana a ƙasa? Waɗansu iyayen kuma tsoronsu daban ne, watau kada shan iska ya zama mafakar shaye-shaye da lalata, nesa da idon manya. Tsoron nan na biyu yana da tushe, gardama kuwa ba za ta kawar da shi ba sai tsari, kuma za a zo kansa nan gaba.

Na farkon dai yana da amsa. Yaron da aka haifa a Jekadafari ko Bolari, ya yi firamare da sakandare bai taɓa taka daji da ƙafarsa ba, ba ya iya bambanta ɗorawa da kaɗanya, bai san ruwan famfon da yake sha daga Dadin Kowa ake turo shi ba, bai kuma taɓa ganin inda Sarkin Musulmi Attahiru ya kwanta ba, ko da yake ya haddace sunansa saboda jarrabawa. Irin wannan yaro shi ne gobe zai zama injiniya ko kwamishina, a kawo masa takardar sare kurmi ya sa hannu ba tare da ya ji komai a ransa ba, domin bai taɓa shan inuwar kurmin ba.

BAKIN RUWAN DADIN KOWA

Wuri na farko da ke zuwa a ran kowa shi ne madatsar ruwa ta Dadin Kowa, a ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba, kan hanyar Biu, tafiyar da ba ta wuce kilomita 40 ba daga Gombe. Gwamnatin Tarayya ce ta tare kogin Gongola a nan, aka gama aikin a 1984, ruwa ya taru ya zama tafki wanda ido ba ya ganin ƙarshensa. Daga nan ake ba birnin Gombe ruwan sha, a nan ake noman rani na shinkafa da kayan lambu, akwai kuma tashar lantarki mai ƙarfin megawat 40 wadda sai bayan shekaru fiye da 30 aka kammala ta. Da yamma, sa'ad da rana ta yi ja a kan ruwa, masunta suna komowa cikin kwale-kwale, ga Dutsen Bima tsaye can gefe, ba mai musun cewa wurin yana da kyau.

Amma bakin tafki yana da nasa dokoki. Na farko, akwai dorina a ruwan, kuma manoman Hinna da ƙauyukan da ke kewaye sun daɗe suna kuka da ɓarnar da take yi musu a gonakin shinkafa. Dorina da rana tana cikin ruwa, da dare take fitowa kiwo, kuma takan bi hanyar da ta saba. Filin da baƙo zai gani shimfiɗaɗɗe a bakin ruwa, ciyawarsa gajera kamar an yi mata aski, ya ce ga wurin kafa tanti, yana yiwuwa shi ne makiyayarta. Duk wanda ya shiga tsakaninta da ruwa, musamman in tana da ɗa, ya gamu da dabbar da duk nauyinta ta fi yawancin mutane gudu a tudu. Masunci ya san sawunta da kashinta da mashigarta, ɗan birni kuwa ko ya taka su ba zai gane ba.

Na biyu, ruwa mai kwanciya, marar zurfi, mai ciyayi a gefe, wanda yara suka fi sha'awar shiga, shi ne mazaunin ƙananan katantanwa masu ɗauke da ƙwayar tsargiya. Ƙwayar takan huda fata ta shiga jiki ba tare da mutum ya ji ba, sai bayan makonni a ga yaro yana fitsarin jini. Na uku, ƙasan tafki ba shimfiɗaɗɗe ba ne. Akwai tsofaffin kwaruruka da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye, mutum yana tafiya ruwa iya gwiwa sai kawai ya zurma. Kwale-kwalen masunta kuma an yi shi ne don mutum biyu ko uku da komarsu, ba zai ɗauki samari goma masu miƙewa tsaye ɗaukar hoto ba. Wanda kuma ya sauka ƙasa da madatsar, a gaɓar kogin, ya tuna cewa idan tafki ya cika da damina akan buɗe ƙofofi a saki ruwa. Saboda haka zangon kirki a Dadin Kowa yana kan tudu, nesa da baki, kusa da gari, a inda sarkin ruwa ya nuna.

TSAUNUKAN TULA DA KUBUBUWA

Wanda ya fi son tsauni sai ya nufi kudu, ya bi hanyar Yola ta Kumo da Billiri zuwa Kaltungo. Tun daga nesa zai fara hango duwatsun ƙasar Tangale, waɗansu sun tsaya ɗai-ɗai kamar an dasa su, sauran duwatsu masu aman wuta ne da suka mutu tun zamani mai nisa. Daga Kaltungo hanya ta hau zuwa Tula, inda garuruwan Wange da Yiri da Baule ke zaune a kan tudu. Iskar can ta fi ta Gombe sanyi, a can ne kuma Turawan mulki suka ajiye jami'insu na yankin Tangale-Waja, suka gina gidan yari. Mutanen Tula sun jera duwatsu hawa-hawa a jikin tsauni don su tare ƙasa su yi noma, akwai kuma kogwannin dutse da kakanninsu suka riƙa fakewa a ciki lokacin yaƙi. Ɗalibin aikin gona da ke karanta maganin zaizayar ƙasa a littafi, a nan zai gan shi da ido, an yi shi da hannu tun kafin a kafa makarantarsa.

Sai dai sunan Kaltungo ya kai ƙasashen waje ne ta wani dalili daban. Wannan yanki yana cikin wuraren da saran maciji ya fi yawa a Afirka ta Yamma, har aka keɓe asibiti musamman a garin domin waɗanda maciji ya sara, inda ake kawo mutane dubbai a shekara daga Gombe da jihohin maƙwabta kamar Adamawa da Taraba da Bauci da Barno. Mafi yawan saran na kububuwa ne. Ita kuwa 'yar ƙarama ce, ba ta kai kamu biyu ba, launinta ya saje da ƙasa da tsakuwa. Da rana tana laɓe ƙarƙashin dutse ko tarin kara, da magariba take fitowa farauta. Dafinta yana hana jini daskarewa, sai a ga wanda ta sara yana zubar da jini ta dasashi ko ta tsohon miki, wani lokaci bayan ya kwana yana zaton ya tsira. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci, abin da manoman Kaltungo suka sani tun kaka da kakanni.

Kusan duk abin da mai kafa tanti ke yi da hannunsa shi ne abin da ke haɗa mutum da kububuwa: ɗaga dutse don danne igiya ko yin murhu, tsintar itace da duhu, fita kewayawa da silifa ba fitila. Saboda haka a Tula da kewayenta a nemi fili sharare, nesa da tarin duwatsu da gindin ciyawa. A tara itace tun da rana. A sa takalmi sau-ciki mai rufe idon sawu. A kwana a kan abin da ya ɗaga daga ƙasa, cikin gidan sauro da aka cusa bakinsa, da safe kuma a zazzage takalmi saboda kunama. In kuwa tsautsayi ya faɗa, kada a ɗaure, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada kuma a ɓata lokaci wajen bin macijin ko neman mai maganin gargajiya. A kwantar da mutum, a hana gaɓar motsi, a cire zobe ko agogo, a kai shi asibiti nan take, domin allurar kashe dafi ita ce magani. Wannan ya sa ayarin da ya sallami motarsa, ya ce direba ya komo gobe, ya yi babban kuskure. Lalle ne mota ta kwana tare da mutane, da mai a cikinta, domin ba a kowane lungu na tsauni waya ke samun layi ba.

WURAREN TARIHI

Akwai kuma wuraren da darajarsu ta tarihi ce. A arewa, cikin ƙaramar hukumar Funakaye, wajen Bajoga da Ashaka, akwai Burmi, wadda ake kuma kira Mbormi. A nan ne ranar 27 ga Yuli, 1903, sojojin Ingila suka gwabza da Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na Ɗaya, wanda ya baro Sakkwato bayan Turawa sun ci ta a watan Maris na wannan shekara, jama'a masu yawa suna biye da shi da niyyar hijira zuwa gabas. A nan ya rasu tare da ɗaruruwan mabiyansa, a nan kuma aka kashe Manjo Marsh, shugaban mayaƙan Turawa. Ɗan Sarkin Musulmi, Muhammadu Bello Mai Wurno, shi ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, inda zuriyarsu take har yau a garin da ake kira Mai Wurno. A ƙasar Dukku kuma akwai Gombe Abba, tsohuwar hedkwatar masarautar da Modibbo Buba Yero ya kafa, inda kabarinsa yake. Daga can ne Turawa suka mai da hedkwata Nafada a 1913, sa'an nan Gombe ta yanzu a 1919.

Irin waɗannan wurare na ziyara ne da rana, tare da wanda ya san labarinsu. Akwai mutane kwance a ƙarƙashin ƙasar, don haka kiɗa da gashin nama ba su dace da ita ba. Haka nan a tsaunukan kudu akwai kurmi da duwatsu da mutanen wurin ke girmamawa bisa al'adarsu, waɗanda ba a shiga ko ba a sare itacensu, kuma babu allon da aka rubuta haka a kansa. Baƙon da ya taka irin wannan wuri, ko da ba da sani ba ne, ya ɓata wa masu gari rai, ya kuma rufe ƙofa ga duk wanda zai zo bayansa.

Mai iyali da ƙananan yara ba ya bukatar tafiya mai nisa. Gandun dajin Kanawa yana kan hanyar Dadin Kowa, tafiyar 'yan mintoci daga gari, akwai inuwar manyan itatuwa da kukan tsuntsaye, ana iya zuwa da hantsi a komo kafin magariba. Wanda bai taɓa kwana a fili ba ya fara da irin wannan wuni, ya ga abin da ya manta a gida, kafin ya yi zancen Tula.

Wanda kuma ke son ganin yadda tsari yake, ya leƙa maƙwabta. Gandun dajin Yankari yana cikin Jihar Bauci, ana ratsewa zuwa gare shi daga Dindima a kan hanyar Gombe zuwa Bauci. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne, yana kuma da ɗaya daga cikin manyan garkunan giwaye da suka saura a Nijeriya. Maɓuɓɓugar Wikki da ke cikinsa ruwanta garau yake, ɗuminsa digiri 31 rani da damina. Abin lura a Yankari shi ne ba a barin baƙo ya kwana inda ya ga dama, ko ya shiga daji ba ɗan rakiya. Akwai ƙofa, akwai rajista, akwai sansanin da aka keɓe. Shekara fiye da 60 ke nan ana bin wannan tsari a bakin iyakar Gombe.

LOKACIN FITA

Lokacin fita shi ma zaɓe ne. Ƙasar Gombe ta fi kyau daga Agusta zuwa Oktoba, sa'ad da tsaunuka suka yi kore shar, rafuka suna gudu, sama ta wanke. Lokacin ne kuma ya fi haɗari, irin abin da ake kira kyan ɗan maciji. Ciyawa ta yi tsawo, sauro ya yi yawa, saran maciji kuma yakan ƙaru lokacin shuka da lokacin kaka. Ƙasar yankin mai yashi ce, mai saurin zaizayewa, kuma mutanen birnin da suka ga ambaliyar watan Agusta na 2004, suka ga yadda kwaruruka ke cin gidaje a tsakiyar gari, ba su bukatar a yi musu dogon bayani. Busasshen rafi mai farin yashi mai laushi, wanda ya fi ko'ina daɗin shimfiɗa, yana iya cika cikin 'yan mintoci da ruwan da aka yi a kan tsauni mai nisa, alhali ko ɗigo bai sauka a inda ake kwance ba. Mafi dacewa shi ne daga tsakiyar Nuwamba zuwa Fabrairu. Gaskiya ne hazo yakan rufe nesa, sanyin asuba a kan Tula kuma sai da bargo, amma ƙasa ta bushe, hanya ta buɗe.

Hunturu kuma nasa haɗarin na wuta ne. Lokacin ne manomi ya tara dawa da harawa da kara a gona, ciyawa ta bushe ƙayau, iska tana kaɗawa ba ƙaƙƙautawa. Garwashi ɗaya da aka bari a murhu ya isa ya cinye wahalar shekara ta gida guda. A share kewayen murhu kafin a hura, a kashe wuta da ruwa, a binne toka. Kada a sare ɗanyen itace, domin jihar da sai da ta ƙaddamar da shirin dashen itatuwa a 2019 ba ta da rarar da za a ƙona wajen gasa kaza. Leda da robar ruwa kuwa a komo da su gida, saboda saniyar da ta haɗiye leda asara ce ga makiyayin da bai gayyaci kowa ba.

DA ƊAN GARI AKAN CI GARI

Duk waɗannan sharuɗɗa suna komawa ga abu guda, watau babu dajin da ba shi da mai shi a Jihar Gombe. Abin da ɗan birni ke gani fili ne kawai, ko dai gonar wani ce da aka bari ta huta, ko burtalin shanu, ko makiyaya irin ta Wawa-Zange, ko gandun gwamnati. Ga shi kuma zamani ya sake. Tun hare-haren da aka kai Ashaka a 2014 da garin Gombe a 2015, da kuma satar mutane da ta addabi sassa da dama na Arewa, mutanen karkara ba su ganin baƙin fuska da tanti da fitilu a bayan gari su iya barci. 'Yan banga da mafarauta suna sintiri da dare da makamai a hannu, kuma cikin duhu ba wanda ke da lokacin duba katin makaranta. Ayarin da ya sauka ba sallama ya jefa kansa da masu gari cikin haɗarin da gaisuwar minti goma za ta kawar.

Hanyar kuwa sananniya ce. Kafin ranar tafiya, mutum biyu su je su gai da mai unguwa ko jauro ko dagaci, su faɗi ko su wane ne, su nawa ne, kwana nawa za su yi. A sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa. A roƙi a ba da ɗan rakiya, a kuma biya shi haƙƙinsa ba tare da ƙeƙe-da-ƙeƙe ba, domin shi ne zai nuna hanyar dorina, da dutsen da ba a ɗagawa, da rijiyar da ake sha, da kukar da zuma ta yi gida a cikinta. A sayi kaza da kifi da nono da itace a wurin masu gari, maimakon a lodo komai daga Gombe. Ƙauyen da ya ga amfanin baƙi shi zai tsare su, ya kuma tsare dajin da ke kawo su.

AIKIN HUKUMA

Sauran aikin na hukuma ne. An daɗe ana lissafa wuraren nan cikin jawabai da kalanda, amma mai son zuwa ya rasa inda zai sauka. In aka tashi maganar yawon buɗe ido, hankalin gwamnatoci yakan tafi ga katafaren otal na miliyoyin naira, wanda talaka ba zai taɓa kwana a ciki ba. Abin da ake bukata ya fi haka araha ƙwarai. Ma'aikatar da ke kula da al'adu da yawon buɗe ido, tare da ƙananan hukumomi da masarautu, ta keɓe zango uku ko huɗu: ɗaya a tudun Dadin Kowa, da yardar Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama, ɗaya a Tula, ɗaya a Kanawa, sa'an nan a yi rumfar baƙi a Burmi. Kowane zango a share shi, a kewaye, a haƙa rijiyar burtsatse, a gina makewayi na maza daban na mata daban, a keɓe ɓangaren masu iyali, a kafa allo da Hausa da Turanci da harshen wurin, mai faɗin abin da aka hana da nisan asibiti. A ɗauki masu gadi da 'yan rakiya daga cikin 'ya'yan garin, a karɓi kuɗi kaɗan da rasit, a ba garin kasonsa a bainar jama'a.

Wannan shi ne kuma amsar iyayen da ke tsoron lalacewar tarbiyya. Wurin da ke da mai gadi da rajista da doka, wanda dagaci ya san duk wanda ya kwana a cikinsa, da wuya ya zama mafakar mashaya. Ɓoyayyen lungu shi ke zama haka, kuma hana yara fita a fili bai taɓa hana su zuwa lungu a ɓoye ba. Har ila yau, a tilasta wa masu ɗaukar fasinja a kwale-kwale su ajiye rigunan hana nutsewa. A kuma tabbata allurar dafin maciji ba ta yankewa a Kaltungo da manyan asibitocin jihar, abin da manoman yankin suka fi kowane baƙo bukata. Makarantu su farfaɗo da ƙungiyar 'yan sikawut da fitar ɗalibai, Jami'ar Jihar Gombe da ta Tarayya da ke Kashere kuwa su sa ɗalibansu su rubuta sunayen itatuwa da tsuntsaye da tarihin kowane zango, a buga a ajiye wa baƙi.

Kafin hukuma ta motsa dai, nauyin yana wuyan masu fita, har da 'yan jihar da ke zaune Ikko da Ibadan da Fatakwal, masu zuwa hutu da ɗokin nuna wa 'ya'yansu ƙasar iyayensu. Ayarin da ya shirya fita ya naɗa madugu, mutum guda mai hankali wanda za a ji maganarsa. Ya aika jagaba tun mako guda kafin tafiya. Ya bar wa na gida sunan ƙauyen da za a sauka da sunan dagacinsa. In masu gari suka ce wuri kaza ba ya kwanuwa, a bar shi ko da ya fi ko'ina kyau a hoto, a bi su zuwa inda suka nuna. Allah ya kai kowa lafiya, ya komo da shi lafiya.